Tsohon da Aka Sauya wa Caja

Da ba don an hana mu rantsuwa ba, da na rantse muku, kuma na san ko na rantse wasunku ba za su gaskata ba. Za ku ce a ina aka taɓa jin abin da bai fi kwalin ashana girma ba ya shiga tsakanin uba da 'yarsa tun daga shuka har girbi. To ku gyara zama. Ku na baya, a ajiye gyaɗar nan sai an tashi.

Akwai wani mutum, manomi, a wani ƙauye da ke gindin duwatsu. Gidansa ne na ƙarshe, daga shi sai gonakin dawa. Matarsa Rahila ta riga shi tafiya wurin Ubangiji, 'ya ɗaya tak kuma suka haifa, sunanta Liyatu. Ta yi karatun jinya, aiki ya kai ta wata ƙasa a ƙetaren teku, ta yi aure a can. Gidan ya rage daga tsohon sai awaki uku, sai turmin da aka kife a gindin mangwaro. In ya dafa abinci, a tukunya yake ci, don bai ga dalilin ɓata kwano ba. In ya yi tari, shi yake ce wa kansa sannu.

Ana nan sai idonsa ya soma tafiya. Liyatu ta sa aka kai shi birni, likita ya duba ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa sai dai ya rage wa ciwon gudu. Duhu ya riƙa cin ganinsa daga gefe yana matsowa tsakiya. Tsohon ya zama kamar mai leƙen duniya ta ƙaramar taga, tagar kuma kowane wata ƙara tsukewa take yi.

Waya ta yi masa ƙanƙanta, ba ya iya fitar da fuska a cikinta. Saboda haka Liyatu ta aiko masa da kwamfuta, irin wadda ake rufewa kamar littafi a sa a jaka, da layi a cikinta. Ba abin da zai yi sai ya buɗe, ya danna wuri ɗaya, ya jira. Tare da ita akwai caja baƙa mai nauyi kamar ɗan dutsen niƙa, igiyarta kuwa ta kai kaurin ta ɗaure akuya.

Ranar da suka fara magana Liyatu ta ce, "Baba, ka ji cajar nan mai nauyi? Kada ka rabu da ita. Ƙarfinta wat ɗari ne, ta waya kuwa da kyar take kai goma."

Ya ce, "Mene ne kuma wat?"

"Ma'aunin ƙarfin wuta ne. Bakinsu iri ɗaya ne, kowacce za ta shiga. Amma cikin na'urar nan babba ne kamar randa. Wannan da bokiti take zuba mata, ƙaramar kuwa da cokali."

Tsohon ya yi dariya, ya ce ya ji.

To, ƙauyen nan wutar lantarki ba ta kai shi ba. Janareta ɗaya ne, na ikkilisiya, kuma sa'a ɗaya tak ake kunna shi ranar Lahadi saboda lasifika, daga tashin mawaƙa zuwa ƙarshen wa'azi. Don haka al'adar garin ita ce, kowa ya zo sujada da littafin waƙoƙi a hannu ɗaya, waya a ɗayan. A bayan majami'a akwai ɗan ɗakin da ake ajiye ganguna. Nan aka kafa benci da soket, wayoyi su jeru a kai kamar kaji a wurin tsaba. Sa'a ɗayan nan kuwa ta ishi babbar caja ta cika kwamfutar tsohon.

Sabis kuma ba a samunsa sai a kan dutsen da ke bayan gari. Kowace Lahadi da ƙarfe uku tsohon zai rataya jaka, ya ɗauki sanda, ya hau a hankali. Da ƙarfe huɗu fuskar Liyatu za ta fito, babba, mai haske, daidai da tagar da ta rage masa. Sukan yi sa'a biyu. Ita ce mai yawan maganar. 'Yar fari ce a gare shi, ko sunanta ba ya kamawa, balle ya ce ya yi kewarta. Sai dai ya ba ta labarin ruwan sama da na akuyar da ta haihu, yana kallonta kamar mai cika rumbu kafin shekarar yunwa. In sun gama, akan sami ragowar wuta a ciki. Da ita yake buɗe na'urar ranar Laraba, ya jingina ta da turmi, ya ci tuwonsa yana kallon hoton da Liyatu ta sa a fuskar gilashin. A ranar kaɗai yake zuba abinci a kwano.

A ikkilisiyar akwai wani mutum mai suna Gayus, amma Injiniya ake kiransa, shi ne mai kula da janareta da ɗakin caji. Gaskiya a faɗe ta, a ƙauyuka bakwai na wannan yanki ba a taɓa yin mai kaifin kai irinsa ba. Ya yi zango biyu a makarantar koyon sana'a ya baro, don a cewarsa malaman sun ƙarar da abin da suka sani. Shi ne ya taɓa saka kwaɗo a kwandon baikon da ake tara kuɗin majami'a. Shi ne kuma ya tura agogon majami'a gaba har Fasto ya yanke wa'azi da rabin sa'a, abin da har yau akwai dattawan da ke gode masa a ɓoye.

Wata Lahadi a farkon damina, Injiniya yana zaune shi kaɗai a ɗakin caji, ya dubi cajar tsohon, ya dubi wayarsa, ya ga baki ɗaya ne. Ya ce bari ya gwada. Kafin Fasto ya kai tsakiyar wa'azi, wayar da takan cinye sa'ar nan duka ba ta kai rabi ba, ta kusa cika. Injiniya ya riƙe baki.

Ku lura, ba mugu ba ne. Bai bar kwamfutar tsohon haka nan ba. Ya ɗauko 'yar cajarsa ya soka mata. Baki ya shiga, 'yar fitila ta kama. Ya ce a ransa, "To me kuma ake nema? Wuta ai wuta ce."

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Amma mutum irin Injiniya ba ya samun abin mamaki ya bar shi a aljihu. Ya shiga gaya wa jama'a cewa yana da wani sirri a hannu da ya koyo a makaranta. Sai ya karɓi wayar mutum, ya hura mata iska sau uku, ya ce a ba shi wuri. In an fita ya soka mata babbar caja, ya kife hularsa a kai. Waya uku, wata rana huɗu, yake cikawa kafin a ce amin. Ba abin da yake karɓa, kirarin ya ishe shi. Aka sa masa suna Mai Hannun Wuta. Kafin addu'ar rufewa kuwa sai ya naɗe babbar cajar ya mayar jakar tsohon, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ta sha ta ƙoshi, har tana gyatsa."

"Ubangiji ya yi maka albarka, ɗana."

A Lahadin farko da aka yi wannan sauyi, uba da 'ya suna cikin magana a kan dutse, Liyatu tana ba shi labarin wata tsohuwa da take jinya, sai na'urar ta yi ɗan ƙara, gilashin ya yi baƙi. Tsohon ya ce shi ke nan, ranar da likita ya faɗa ta zo. Ya ɗaga kai, sai ya ga shirwa tana shawagi a sama. Ashe ba idon ba ne. Ya danna, ya sake dannawa, shiru. Ya zauna yana jiran ta dawo har inuwar dutse ta rufe gonaki, sa'an nan ya sauko.

Kashegari ya kai wa Injiniya. Injiniya na taɓa ta ya gane abin da ya faru. Da ya faɗi gaskiya a wannan safiya, da misalin nan ya ƙare, da kun tafi gida da wuri. Amma ya tuna da kirarinsa. Ya juya na'urar, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya kara ta a kunne kamar likita.

"Lafiyarta lau, Baba. Daga can aka katse. In aka katse daga can, barci take yi sai wata Lahadi."

"Daga can?"

"Ai mutanen can kome da agogo suke yi. In lokacin da suka yanka maka ya cika, sai su danna abinsu. Ka jira ka ji, za a ce maka sabis ne."

Tsohon ya mayar da ita jaka.

Lahadi ta zagayo. Fuskar Liyatu na fitowa ta ce, "Baba, makon jiya na yi ta kira ban same ka ba. Ina jin sabis ne."

Maganar ta sauka a ƙirjinsa da nauyi. Ya ce, "Haka ne. Sabis ne."

"Ana dai sa mata caji ko?"

"Da hannuna nake miƙawa, da hannuna nake karɓa."

Ba su yi minti goma sha biyar ba gilashin ya sake yin baƙi.

Haka aka yi ta yi. Dawa ta tsiro, ta kai gwiwa, ta wuce kai. Tsohon ya koyi gaggawa. Da ta fito sai ya ce, "Lafiya lau muke, an yi ruwa, kada in tsare ki da aiki." Gara shi ya sallame ta da a sallame shi. Liyatu ta ce, "Baba, na yi maka wani laifi ne?" Ya ce babu. Yaya uba zai buɗe baki ya tambayi 'yar farinsa ko ta gaji da shi? A tsakiyar mako kuwa na'urar ba ta ko motsi. Ya buɗe ta ranar Laraba, ya danna, duhu kawai. Sau biyu ya jingina ta da turmi haka nan, ya ci abincinsa a gabanta. Daga baya ya daina, ya koma tukunya.

Mutane suna wucewa ta ƙofar gidansa zuwa gona, suna ɗaga murya, "Sannu da hutawa, Baba!" Kafin ya amsa sun yi nisa. A majami'a kowa yana gaishe shi, kowa kuma yana cewa ai Baba ba shi da kaɗaici, 'yarsa tana cikin jaka.

Dab da dawa za ta fitar da kai, wata Lahadi mijin Liyatu ne ya fito a gilashin, bakinsa har kunne.

"Baba, mun sami ƙaruwa! Ubangiji ya sauke ta lafiya. Mace ce, mun sa mata sunan Mama. Tsaya a ɗauko maka ita, ana shirya ta."

Tsohon ya cire hula ya goge idonsa da ita, ya jawo na'urar har kusa da hancinsa. Ya ji kukan jaririya daga nesa yana matsowa. Ya ji muryar Liyatu tana cewa, "Yi shiru mana, ga mijinki nan yana jira." Ya ga gefen farin zane ya shigo. Sai ɗan ƙaran nan, sai duhu.

Ya daɗe a zaune. Hadari ya haɗo daga gabas, bai motsa ba sai da yayyafi ya soma. Ya tura jakar cikin rigarsa, ya ce, "Ashe ko don jaririya ba a ƙara mini minti ɗaya a kan rabona." Ya sauko, bai sake hawa ba.

Liyatu ta aiko saƙo ta wayar Mama Damaris, shugabar zumuntar mata, wadda ƙawar marigayiya ce. Mama Damaris ta zo har gida. Ya ce, "Ki ce mata ƙafa ce, ba ta iya dutse." Ta ce, "Ƙafar da ke zuwa gona kullum?" Maganin ɗigawa ma ya bar shi a kan katanga, ya ce wa zai kalla da idon. Mako shida aka yi haka, tagar nan tasa kuwa ta yi ta tsukewa har ta koma kamar kafar allura.

Kwamfutar dai bai daina kai ta majami'a ba, don Injiniya ya gaya masa in ba a sa mata wuta kowane mako lalacewa za ta yi, shi kuwa ba ya so ya mayar wa mai abu abinta a lalace. Injiniya ya lura tsohon ya daina hawa dutse. Abin ya ɗan taɓa shi, ya ce Lahadi mai zuwa zai bari. Lahadi mai zuwa kuma sai a kawo masa waya biyar.

Ranar godiyar kaka majami'a ta cika. 'Ya'yan mutane sun zo daga birane, kowane tsoho da jika a cinya. Tsohon ya zauna a cikinsu har tsakiyar wa'azi, ya ji ba zai iya ba. Ya tashi, ya bi bango da hannu, ya zagaya ɗakin caji don ya ɗauki kayansa ya tafi gida. Injiniya yana waje yana duba janareta, ƙarar kuma ta hana shi jin taku.

Tsohon ya lalubi benci har ya sami kwamfutarsa. Ya bi igiyar da hannu don ya cire. Sai ya tsaya. Mutumin da ya shekara sittin yana ɗaure awaki ba a ruɗa shi da igiya. Wannan siririya ce kamar zaren buhu, a ƙarshenta kuma ɗan abu mara nauyi. Ya ci gaba da lalube. Ya taɓa hula. A ƙarƙashin hular ga igiyarsa mai kauri, ga cajarsa da ɗumi, a bakinta kuma wayar wani.

A daidai nan Injiniya ya shigo yana 'yar waƙarsa. Waƙar ta maƙale.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Wannan da ke jikin kayana, ta wa ce?"

"Baba, ai duk ɗaya ne. A kimiyyance, ita wuta in ta..."

"Cokali ne. Tun yaushe?"

Injiniya ya dubi ƙofa. Mama Damaris ce tsaye a bakinta, ta biyo tsohon da ta ga ya fita. Wayar da ke ƙarƙashin hular kuwa tata ce, wadda aka hura wa iska sau uku da safen nan. Ba hanyar gudu.

"Tun shuka, Baba."

Tsohon ya lalubi gefen benci ya zauna. Injiniya ya jira zagi, ya jira sanda. Tsohon ko ta kansa bai bi ba. Hawaye ne ke bin gemunsa, yana cewa a hankali, "Ashe ba ita ba ce. Ashe yarinyar nan kira take ta yi."

Mama Damaris ta fizge wayarta daga cajar kamar ta taɓa garwashi. Ta ce, "Kai, Gayus, ni za ka hura wa iska? Mayar masa abinsa, maras kunya!" A ranar ba a kashe janareta ba sai da kwamfutar ta cika, ko da yake an daɗe da cewa amin.

Dattawa suka zauna, suka ce a mayar da Injiniya bencin horo na baya har wata shida. Tsohon ya ce, "Bencin baya me zai yi mini? Ku ba ni shi. Ya ɗauki jaka."

Da ƙarfe huɗu suna kan dutse, Injiniya riƙe da na'urar. Mama Damaris ta riga ta aika wa Liyatu labarin. Ta fito tana kuka tana dariya, ta ce, "Baba, me ya hana ka tambaye ni?"

Ya ce, "Bar wannan. Ina matar tawa?"

Aka ɗaga jaririyar. Tsohon ya kawo fuskarsa kusa. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, yana neman inda ɗan ganin ya rage.

"Matso da ita."

"Baba, hancinta yana taɓa gilashin."

Haske yake gani, da wata inuwa a tsakiyarsa. Da mako shida da suka wuce ne, da ya gan ta sarai. Liyatu ta ce, "Baba, kana ji na?" Sa'an nan ya miƙa hannu ya kamo wuyan rigar Injiniya, ya jawo shi ƙasa kusa da shi.

"Ka cinye mini ido, da naka za ka biya. Faɗa mini yadda take. In ka ƙara gishiri, uwarta tana ji."

Injiniya ya ce, "Baba, kyakkyawa ce, duk faɗin ƙasar nan babu..."

"Ban tambaye ka faɗin ƙasa ba. Kunnenta."

"Kunnuwan sun ɗan buɗe waje, Baba. Irin naka."

"Goshi?"

"Mai faɗi. Gashin ba yawa, amma na tsakiya ya miƙe tsaye kamar an tsorata ta."

"Tana kallona?"

Duk rayuwarsa Injiniya bai taɓa samun ƙaryar da ta fi wannan sauƙi ba, ko wadda za a fi gode masa a kanta. Ya dubi gilashin.

"A'a, Baba. Maɓallin rigar uwarta take kallo."

Tsohon ya saki wuyan rigar. Ya ce, "Yawwa. Yanzu na yarda da maganar kunnen. Ci gaba."

Suka yi sa'a biyu da rabi, na'urar ko tari ba ta yi ba. Tun daga ranar, kowace Lahadi Injiniya ne ke ɗaukar jaka, shi ke riƙe hannun tsohon a kan dutse, shi ke faɗin haƙori nawa ya fito. Idon dai bai dawo ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, kwamfutar nan zuciyar mutum ce, cikinta kuwa babba ne, Wanda ya yi ta ya san girmanta. Bai aiko ta haka kawai ba. Ya haɗo ta da abin da zai cika ta, wato addu'ar da ake yi da gaske, da Maganarsa da ake zama a kanta har ta shiga, da ikon Ruhunsa. Suna da nauyi, ba a musu. Suna cin lokaci, suna cika jaka. Shi ya sa yawancinmu muka samo 'yar ƙarama da bakinta ya yi daidai. Addu'ar minti ɗaya da takalmi a ƙafa. Zuwa sujada da jiki, hankali yana kasuwa. Baki ya shiga, fitila ta kama, duk wanda ya leƙo zai ce ana caji. Kai kanka za ka ce ana caji, don a ɗakin ganguna ba a gane bambanci. Sai an hau dutse, ranar ciwo, ko ranar rashi, ko ranar da faɗin gaskiya zai zubar maka da girma, a nan za ka ga abin da ka tara bai kai na minti goma ba. Sa'an nan ka ce daga sama aka katse, Ubangiji ya gaji da kai. Bai gaji ba, kira yake ta yi.

Lokacin cikawa kuma ba shi da yawa. Sa'a ɗaya ake kunna janareta, ido kuma ba ya jira. Mai cewa Lahadi mai zuwa zai gyara, ya je ya tambayi tsohon nan abin da mako shida suka ci masa.

Akwai kuma waɗanda gidansu ne na ƙarshe a gari. Kun san su, kowa a nan zai iya kiran suna ɗaya. "Sannu da hutawa" daga kan hanya cokali ne, 'yan'uwa. Ba laifi ba ne, amma ba ya cika kowa. Shiga ciki, ka zauna a tabarma, ka ci daga abin da ya dafa. Ku tsofaffi kuma, ku yi mini gafara, ni ɗanku ne. Kunya tana da kyau, amma da an yi tambaya ɗaya, da ba a yi asarar damina guda ba. In zuciyarku ta ce an gaji da ku, ku tambaya kafin ku yarda.

Shi kuwa Injiniya, bai saci kome ya kai gida ba. Kowace Lahadi cajar tana komawa jakar mai ita. Abin da ya ɗauka ƙarfin da aka aiko wa wani ne, ya mai da shi kirarin kansa, da aka zo tambaya kuma ya ɗora laifin a kan wadda ba ta nan. An gafarta masa, hakika an gafarta masa, amma gafarar ba ta mayar da idon ba. Duk wasan da sai ka kife hula a kansa kafin ya yi daɗi, ka ɗaga hular ka duba wa yake cutuwa.

Na so in tsaya a nan, in bar shi a wani mutum a wani ƙauye. Amma Mama Damaris ta karɓi takardar nan ta karanta kafin in kawo muku, ta ce ba za a koya wa yara gaskiya da ɓoye-ɓoye ba. Ga ta can a bencin gaba tana kallona. To, ni ne Gayus. Kada kowa ya tare ni da tambaya bayan sujada, ina da aiki. Yarinyar ta soma tafiya, Baba ya ce yau sai na ƙirga masa takunta ɗaya-ɗaya, in ta faɗi kuma in ce ta faɗi.